Tambayoyi da amsoshi game da Hokuto no Ken, labarin zane na duniyar da ta koma hamada

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu shirin fara karanta Hokuto no Ken, da kuma waɗanda suka fara suka ruɗe a hanya. Amsoshin da suka shafi 'yan'uwan Kenshiro da maƙiyansa da rabin labarin na biyu suna tona yadda al'amura suka ƙare, saboda haka wanda ba ya son a ɓata masa karatu sai ya tsallake su tukuna.

Mene ne Hokuto no Ken, kuma su wane ne suka yi shi?

Labari ne mai zane-zane irin na Japan, wanda ake kira manga, da ya riƙa fitowa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha daga 1983 zuwa 1988. Babi 245 ne gaba ɗaya, kuma da aka tattara su sun cika littattafai 27. Buronson ne ya rubuta labarin, Tetsuo Hara ya zana shi, lokacin da aka fara kuwa Hara yana ɗan shekara 22 kacal. Buronson sunan alƙalami ne da marubucin ya aro daga ɗan fim ɗin Amurka Charles Bronson, kuma kafin ya kama rubutu ya yi aiki a rundunar sojan saman Japan. Masu karatu da Turanci sun san labarin da sunan Fist of the North Star. Kwafin da aka buga sun haura miliyan 100, abin da ya sa shi a sahun manga mafi kasuwa a tarihi.

Me ya mayar da duniyar labarin hamada?

Yaƙin nukiliya ne. Shafin farko ya buɗe da shekarar da aka rubuta ta 199X, wato wata shekara daga cikin shekarun 1990 da ba a fayyace ba, wadda ga mai karatu na 1983 take nan kusa ƙwarai. Wuta ta cinye duniya, tekuna suka ƙafe, ƙasa ta tsattsage, amma ɗan Adam bai ƙare ba. Waɗanda suka rage sun kasu biyu: talakawan da suka taru a ƙananan ƙauyuka kusa da rijiyoyi, da gungun 'yan fashi masu askin zanko da ke yawo a kan babura suna ƙwace abinci da ruwa.

Babu hukuma, babu kotu, kuɗi kuma sun zama takarda. Tun a farkon labarin an nuna wani ɗan fashi ya buɗe jakar wanda suka tare, ya tarar da damman kuɗi, ya watsar da su cikin iska yana dariya domin ba su da sauran amfani. Duk sauran dokokin wannan duniya daga nan suka samo asali: mai rijiya shi ne attajiri, mai ƙarfi kuma shi ne mai rijiya.

Wane ne Kenshiro, kuma me tabo bakwai ɗin ƙirjinsa ke nufi?

Kenshiro shi ne jarumin labarin, magajin wata fasahar faɗa ta sirri mai suna Hokuto Shinken. Mai karatu yana fara ganinsa ne a galabaice saboda ƙishirwa, mutanen wani ƙauye sun kama shi sun kulle tare da wani yaro ɓarawo mai suna Bat. Yarinyar da ke kawo musu ruwa, Lin, ta daina magana tun ranar da aka kashe iyayenta a gaban idonta, kuma Kenshiro ne ya taɓa wani wuri a kanta ya buɗe mata baki. Waɗannan yara biyu su ne suka bi shi har ƙarshen labarin.

Tabon kuwa aikin Shin ne, tsohon abokinsa. Shin ya kayar da shi, ya riƙa soka masa yatsa a ƙirji ɗaya bayan ɗaya har sau bakwai a gaban budurwarsa Yuria, domin ya tilasta mata ta bi shi. Raunukan sun fito a jere kamar taurarin da sunan fasahar ya samo asali daga gare su, waɗanda aka yi bayaninsu a amsa ta gaba. Neman Yuria da ramuwa a kan Shin su ne suka ɗauki kashin farko na labarin.

Taurarin nan bakwai, su ne Kaza da 'Ya'yanta?

A'a, ko da yake masu tambaya da yawa suna haɗa su. Kaza da 'Ya'yanta ƙaramin curi ne na taurari a matse wuri guda. Hokuto kuwa taurari bakwai ne masu haske a sararin arewa, huɗu sun yi kamar ƙoƙo, uku sun miƙe kamar mariƙi, sai siffar ta fito tamkar ludayi. Larabawa suna kiransu Banatu Na'ash, kuma ana ganinsu sarai daga ƙasar Hausa a daren da babu hazo.

Kusa da tauraro na tsakiya a mariƙin akwai wani ɗan mitsitsi mai dishi-dishi, wanda Larabawa ke kira Suha, suna gwada ƙarfin ido da shi. Marubucin ya juya wannan ya mai da shi tauraron ajali: a cikin labarin, duk wanda ya hango shi to kwanansa ya kusa ƙarewa. Wannan ƙaga ce ta labari kawai, domin duk mai lafiyar ido yana iya ganinsa.

Ta ina ake fara karanta shafi?

Daga dama zuwa hagu, sannan daga sama zuwa ƙasa, kuma bangon da mai karatun boko zai ɗauka baya ne shi ne gaba. Wanda ya saba da karatun allo ko ajami ba zai sha wahala ba, domin hannunsa ya riga ya san ta ina ake juya shafi. Ko a bugun da aka fassara, akasari an bar tsarin zanen yadda yake, kalmomin cikin kowane kumfan magana ne kawai ake karantawa daga hagu.

Mene ne Hokuto Shinken, kuma me ya bambanta ta da Nanto Seiken?

A cikin labarin, Hokuto Shinken tsohuwar fasahar kisa ce da ta fito daga ƙasar Sin, wadda ta dogara a kan wurare 708 na sirri a jikin mutum. Idan gwani ya danna ɗaya daga cikinsu, jiki yakan tarwatse daga ciki, wani lokaci bayan 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan ne sananniyar maganar Kenshiro ta fito, wadda a Jafananci take "Omae wa mou shindeiru", ma'ana "ai ka riga ka mutu": yakan faɗe ta ga mugun da ke tsaye yana cika baki bai san an gama da shi ba. Waɗannan wurare dai su ne kuma ake dannawa a warkar da makaho ko bebe, kamar yadda aka gani game da Lin.

Ƙa'idar gidan mai tsanani ce: magaji ɗaya ne tak a kowane zamani, sauran almajirai kuwa ko a lalata musu hannu ko a shafe musu tunanin abin da suka koya. Nanto Seiken kishiyarta ce, tana da rassa 108 da manyan gwanaye shida, kuma ita daga waje take yanka, yatsu su tsaga mutum kamar wuƙa. Shin daga wannan gida yake, haka ma Rei, wanda ya zama babban aminin Kenshiro.

Shin akwai wani abu a ciki ban da faɗa da zubar da jini?

Akwai, kuma wanda ya tsaya a kan fashewar kawuna bai kai ga cikin labarin ba. Misalin da ya fi kowane nuna haka yana cikin babukan farko. Wani tsoho mai suna Misumi ya yi doguwar tafiya a ƙasa yana neman irin shinkafa domin ƙauyensu, ya samo ɗan abin da bai wuce ƙaramar jaka ba. Bat, da yunwa ke cinsa, yana ganin a dafa a ci yau, tsohon kuwa ya rungume jakar ya ce gobe ta fi yau, domin idan wannan ya tsiro ba sauran wanda zai kashe wani saboda loma. 'Yan fashi suka kashe shi kafin ya shuka ko ƙwaya ɗaya. Kenshiro ya binne shi, ya tsince irin ya watsa a kan kabarin, Bat yana ce masa babu abin da zai fito a irin wannan ƙasa, shi kuwa ya amsa cewa zai fito tunda tsohon yana kwance a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya hana a taɓa damin iri a rumbu alhali tukunya babu komai, ba ya bukatar a fassara masa wannan shafi.

Abu na biyu shi ne baƙin ciki. Kenshiro mutum ne mai kuka, kuma marubucin ya mai da wannan ƙa'idar faɗa: fasaha mafi girma a gidan Hokuto, Muso Tensei, ba ta samuwa sai ga wanda ya ɗauki nauyin baƙin ciki na gaske. Kowane aboki da ya rasa, kowane abokin gaba da ya binne, yana ƙara masa wani abu. A ganin mai wannan rubutu, wannan ne ya raya labarin shekaru arba'in, domin jinin da ya girgiza masu karatu a 1983 yanzu an saba da wanda ya fi shi. Amsar da ta shafi maƙiyansa ta ƙara bayani a kan haka.

Hamadar labarin ta yi kama da hamadar gaske?

Ba sosai ba. Mutumin Agadas ko Bilma zai lura nan da nan cewa babu raƙumi, babu ayari, babu dabino, babu kuma wanda ya gaji sanin hanya da rijiyoyi daga kakanni. Hamadar Hara kufai ce: dogayen benaye sun karkace sun nutse rabi a cikin rairayi, tituna sun karye, mutanen da ke cikinta 'yan birni ne da ƙasa ta bushe a ƙarƙashinsu dare ɗaya. Shi ya sa ba su iya zaman cikinta ba, suke ta cin junansu.

Akwai kuma wuraren da ba a bin su da lissafi. Ruwan sha ya yi wuya amma babura ba sa rasa mai, ana fama da yunwa amma miyagu ƙartai ne masu ƙirar samudawa, wasunsu sun ninka mutum uku a tsawo, rigar Kenshiro kuma tana yagewa a kowane faɗa ta dawo sabuwa a babi na gaba. Masoyan labarin sun daɗe da mayar da waɗannan abin raha.

Su wane ne 'yan'uwan Kenshiro?

Malaminsu Ryuken ya ɗauki yara huɗu ya rena: Raoh, Toki, Jagi, sai Kenshiro autansu. Zaɓen auta a matsayin magaji shi ne tushen rikicin. Jagi, wanda hassada ta ci, shi ne ya zuga Shin ya ƙwace Yuria, sannan ya yi wa kansa tabo bakwai ya riƙa ta'asa da sunan ƙanensa, har da sace Airi ƙanwar Rei.

Toki ne ya fi kowa gwaninta kuma shi ake sa ran zai gada. Ranar da bama-bamai suka sauka, ya tura Kenshiro da Yuria cikin maɓoyar da ta cika da yara, ya rufe ƙofar daga waje, ya zauna cikin abin da labarin ke kira tokar mutuwa. Ya rayu amma ciwo ya kama shi, gashinsa ya yi fari, sai ya mai da fasahar kisa aikin warkarwa. Raoh, wanda yake uwa ɗaya uba ɗaya da Toki, ya ƙi bin ƙa'idar gidan, ya kashe malaminsu, ya naɗa kansa sarki yana yawo a kan wani ƙaton baƙin doki mai suna Kokuoh. Faɗan Toki da Raoh, wa da ƙane suna kuka suna dukan juna, yana cikin mafi kyawun abin da Hara ya zana.

Me ya sa manyan maƙiyan Kenshiro ke samun tausayi idan za su mutu?

Ƙananan 'yan fashi suna mutuwar wulaƙanci, manyan kuwa kusan kowanne sai an buɗe wa mai karatu ciwon da ke zuciyarsa. Souther, wanda ya sa aka sato yara suna gina masa dala, yana da zuciya a gefen dama da sauran gaɓoɓin ciki a juye, shi ya sa dabarun Hokuto suka kasa kama shi da farko. Sai a ƙarshe aka gane cewa yana ɗan shekara 15 aka ɗaure masa ido aka sa ya kashe wani a jarrabawar gado, ya kwance ƙyallen ya ga malamin da ya rene shi ne, daga ranar ya yi rantsuwar rabuwa da ƙauna. Dalar kabarin malamin ce.

Ana iya sukar wannan salo, kuma sukar tana da tushe, domin hawayen minti ɗaya ba sa dawo da yaran da suka mutu a gindin dala, ko Shu, makahon gwanin Nanto da aka sa ya hau dalar da dutsen ƙarshe a kafaɗa. Amma game da Raoh salon ya yi aiki. Shi yana ganin duniyar da ta watse ba ta haɗuwa sai da tsoro, Kenshiro yana ganin akasin haka, kuma labarin bai mai da Raoh wawa ba. Ya mutu a tsaye, hannu ɗaya a sama, yana cewa babu ɗigon nadama a rayuwarsa. Farin jininsa ya kai ga cewa a 2007 an shirya masa jana'iza a wani ɗakin ibadar mabiya Buddha a Tokiyo, a matsayin tallar wani fim, mutane kuma suka halarta.

Daga ina marubutan suka samo wannan duniya?

Hara ya fara zana Kenshiro ne a wani gajeren labari na 1983 da ya faru a Japan ta zamani, ba hamada ba yaƙi, kuma editansa Nobuhiko Horie ne ya kawo shawarar wuraren dannawa daga ilmin maganin allura na Sinawa. Da aka kawo Buronson sai aka mayar da labarin bayan yaƙin nukiliya. Tasirin fim ɗin Ostareliya Mad Max 2 na 1981 a bayyane yake a tufafi da babura, ihun Kenshiro da tsayuwarsa kuma na Bruce Lee ne, abin da duk wanda ya tashi da kallon finafinan Caina zai gane tun shafin farko. Buronson ya kuma ambaci tafiyar da ya yi zuwa Kambodiya bayan mulkin Pol Pot, inda ya ga abin da kisan gilla ya bari, a matsayin abin da ya shiga rubutunsa.

Ba a tsara labarin tun daga farko ba, mako-mako ake ƙirƙirarsa. Tabon nan bakwai ma ado ne da farko, daga baya aka nemo masa dalili, shi ya sa mai lura zai ga wasu wuraren ɗinki.

Rabin labarin na biyu ya cancanci karantawa?

An yi yarjejeniyar shekara uku ne da farko, kasuwa ta sa aka ja shi zuwa biyar, kuma ana jin hakan. Labarin ya kai ƙarshensa na asali da mutuwar Raoh da tafiyar Kenshiro tare da Yuria, wadda aka zaci ta mutu, ashe tana raye amma ciwo ya ci ta. Bayan nan aka tsallake shekaru: Bat da Lin sun girma suna jagorancin tawaye, aka shigo da wani sabon gwanin faɗa mai suna Falco, sannan aka haye teku zuwa ƙasar Shura inda Kaioh wan Raoh da Hyoh wan Kenshiro suke, dangin da ba a taɓa ambata ba.

Zanen ya fi na farko kyau, labarin kuwa ya fara maimaita kansa, kuma batun ruwa da iri da aka yi bayani a sama ya ja baya, batun jini da asali ya maye gurbinsa. Duk da haka babukan ƙarshe, inda Bat ya yi wa kansa tabo bakwai domin ya karɓi azabar da aka tanadar wa Kenshiro, sun biya wahalar isa gare su.

Ya dace a ba yara?

Bai dace da ƙananan yara ba, ko da yake a mujallar samari ya fito. Ana nuna jiki yana fashewa ƙarara, akwai azabtarwa da bautar da yara da sace mata, kuma mata kaɗan ne, irin su Mamiya mai kare ƙauyensu da makami, ke da abin yi ban da jiran ceto. Akwai kuma maganar ƙaddara ta taurari da aka taɓo a sama, wadda ya kamata iyaye su san tana ciki kafin su miƙa wa matashi.

Da littafin za a fara ko da na talabijin, kuma a wane harshe ake samunsa?

Littafin ya fi. Kamfanin Toei ya mayar da shi zane mai motsi kashi 109 daga 1984 zuwa 1987, sannan wasu 43 har 1988, amma an ja labarin da ƙarin faɗace-faɗacen da ba sa cikin asali, an kuma rufe jinin da inuwa ko haske. Fim ɗin Amurka na 1995 da mutane suka taka ba ya wakiltar labarin. Souten no Ken, wanda ya fara fitowa a 2001, labarin wani magabacin Kenshiro ne a Shanghai ta shekarun 1930, babu hamada a cikinsa, kuma ba sai an karanta shi ake gane wannan ba.

A Turanci an yi yunƙuri a baya da suka tsaya a hanya, sai a 2021 kamfanin Viz Media ya fara fitar da bugu mai kaurin bango da aka tsara a littattafai 18. Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi za su same shi da sunansa na asali ko da Ken le Survivant, sunan da ya yi fice da shi a talabijin ɗin Faransa tun 1988, inda masu sa murya suka cika shi da barkwanci har ya sauya kama. Fassarar talabijin ta Larabci tana ɗauke da sunan Saifun Nar, kuma an yanke mata abubuwa da yawa. Wanda yake son gwadawa kafin ya sayi duka, littattafai biyu na farko sun ishe shi, domin labarin Lin da na tsoho mai irin shinkafa da faɗan Shin duk suna ciki.